Dodo a Kwalin Taliya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina. Ranar ce na tara iyayen yara a gindin darbejiya, na miƙe tsaye cikin hijabina ruwan ɗorawa, na ce zan nuna musu dodon da yake hana 'ya'yansu walwala. Na kuwa nuna musu shi. Wannan alƙawarin kam ba wanda zai ce ban cika ba.

Bari in fara daga farko, duk da ni ba mai son farawa daga farko ba ce. Tun ina ƙarama haka nake. In ana ba ni labari, ni nake ƙarasa wa mai bayarwa. In kunu ya yi zafi ba na jira ya huce, kurɓa nake yi in ƙone, sannan in ji haushin wadda ta dama.

Da na gama sakandare ina jiran gurbin karatu, zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi gida. Innata ce da kanta ta yafa mayafi ta je wurin hedimastan firamaren wani ƙauye da ke gefen Roni, Malam Sabo, ta roƙe shi ya ɗauke ni malamar sa-kai. (Daga baya na ji cewa ta ce masa ko shara ce ya ba ni, in dai zan bar mata gidan daga safe zuwa azahar.) Aka ba ni aji uku.

Sati ɗaya da farawa na ƙirƙiro wata dabara da nake ji da ita. Ina da agogo irin na maza, na yayana ne na ƙwace, fuskarsa ta kai murfin gwangwanin madara. In na yi wa yaro tambaya sai in ɗaga hannu in dubi agogon, in ɗauki rula in fara buga tebur: ɗaya, biyu, uku. In na kai uku ban ji amsa ba, sai in ce, "Zauna, ka ɓata mana lokaci." In wuce na gaba. Ban taɓa dukan ɗan kowa ba, wannan kuma ina faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarona. Tebur nake duka. Murya kuwa Allah ya ba ni. Malama Talatu mai aji biyu, wadda bango ɗaya ya raba ajina da nata, ta taɓa ce min yaranta sun haddace lissafin sau uku tas ba tare da ta koya musu ba. Na ɗauka yabo ne. Har godiya na yi mata.

A ajin nan akwai wata yarinya, Hajjo, daga rugar da ke bayan makarantar. Siririya ce, shekararta ba ta fi takwas ba. Duk littafin da ka buɗe nata za ka tarar ta zana wata jar maraƙa mai farin goshi a kusurwar shafi: littafin lissafi maraƙa, littafin Hausa maraƙa. Malama Talatu ta ce bara a ajinta sai an roƙi Hajjo take yin shiru. A ajina kuwa ko "na'am" ɗinta sai na miƙa kunne. Ana nan sai ta fara ciwon ciki. Kullum da safe, da an ce ta ɗauki jaka, sai ta durƙushe ta riƙe ciki. Aka kai ta asibiti a Roni, aka duba aka ce ba a ga komai ba. Aka jiƙa saiwa, aka yi rubutu ta sha. Asabar da Lahadi lafiya ƙalau, tana tsalle a bayan shanu. Litinin ta zo, ciki ya dawo.

(Na san abin da kuke tunani. Kun fi ni, na yarda. Ku dai yi haƙuri ku bari in iso.)

Cikin haka aka aiko da takarda cewa kowace makaranta ta tura malami ɗaya bita a Kazaure, a kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara da walwalarsu. Lokacin cirar gyaɗa ne, maza duk hankalinsu yana gona, Malama Talatu kuma tana da goyo. Malam Sabo ya dube ni ya ce, "Malama, ke ce ba ki da gona ba ki da goyo." Na ce, "Ranka ya daɗe, dama ni ce na fi dacewa." Ya ce, "To."

Hajiyar da ta koyar da mu mutuniyar kirki ce, amma magana take kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kalma ɗaya, ta ajiye, ta duba, ta ɗauko wata. Ta ce yaro ma yana shiga damuwa kamar yadda babba yake shiga, sai dai shi ba shi da bakin faɗa, don haka jikinsa ne yake faɗa masa. Wani ciwon ciki, wani ciwon kai, wani fitsarin kwance, wani ya yi shiru kamar an ɗauke wuta, wani kuma ya dinga neman faɗa da kowa. Ta ce kafin a kira yaro malalaci ko mai taurin kai, a fara tambayar me yake tsoro. Ina jin ta ce ciwon ciki na buga cinya na ce, "Hajjo." Wanda ke kusa da ni ya matsa.

Sai ta kawo maganar akwatin damuwa. A samu akwati a ajiye a aji, yara su rubuta ko su zana abin da yake damunsu su jefa, ba tare da sun sa suna ba, tunda ɗanmu na nan ko za a yanka shi ba zai kalli idon babba ya ce ga abin da ke ransa ba. Nan na ji na gama fahimtar komai. Aka tashi sallar azahar, aka ce bayan an dawo za a yi bayanin yadda ake amfani da akwatin. Yadda ake amfani da akwati. Ni za a koya wa buɗe kwali? Ga hadari ya haɗo ta gabas, motar Roni kuma in ta cika ba ruwanta da 'yan bita. An raba mana takarda ɗaya mai rubutu gaba da baya. Na karanta gaban a tsaye, na sayi awara a tasha, na ƙunshe ta da bayan.

Washegari da tashin tara sai ga Goggo Adama, kakar Hajjo, da ƙwaryar nononta a ka. Ta sauke a bakin ajina, muka gaisa. Dattijuwa ce mai nutsuwa, irin wadda in ta tambaye ka gajiya sai ta tsaya ta ji amsa.

Ta ce, "Malama, na zo ne a kan jikanyata. Ubanta Buba ya ce a ƙyale yarinyar nan haka. Ya ce boko bai karɓe ta ba. In watan nan ya mutu cikin bai daina ba, ta zauna ta kula da maruƙa."

Na ce, "Ba za a yi haka ba."

Ta ce, "Ni ma ba na so. Ni na dage aka sa ta. Ina so in ga ranar da za a ba ni magani a asibiti, ita ta karanta min abin da aka rubuta a jiki. Amma ba zan ce a dinga jan ta tana kuka ba."

Na gyara tsayuwa. Na ce, "Goggo, ba ciki ba ne. Damuwa ce. Kuma a gida take."

"A gida?"

"A gida. Akwai wanda yake tsorata ta. An koya mana a Kazaure." Na faɗi Kazauren nan kamar wadda ta shekara bakwai tana karatu a Masar.

Goggo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gyara gammonta. Na ce ta zo taron iyaye da malamai ranar Alhamis, zan nuna mata da idonta. Ta ce, "Allah ya kai mu." Ta ɗauki ƙwarya ta tafi.

A ranar na samo kwalin taliya a shagon bakin hanya, na naɗe shi da salatif ta ko'ina kamar kayan da za a aika Legas, na huda rami a sama, na rubuta AKWATIN DAMUWA da manyan baƙaƙe. Na yayyaga tsakiyar littafi na raba wa yara, na aro fensira masu kala a ofishin hedimasta.

Na ce, "Kowa ya zana abin da ya fi tsoro a duniya. Wanda ya iya rubutu ya rubuta. Ban da sa suna."

Yara suka kalli juna. Wani daga baya ya ɗaga hannu a hankali. "Malama, ko mene ne?"

"Ko mene ne."

"Ba za a yi duka ba?"

"Na taɓa dukan wani a nan? Minti goma na ba ku. Ɗaya."

(Eh. Akwatin damuwar ma da ƙirga na buɗe shi.)

Abin da na lura da shi kawai shi ne rigimar da aka yi a kan fensir ruwan ɗorawa. Guda ɗaya ne, kowa kuma shi yake so. Daga wannan benci zuwa wancan, har da masu bin layi. Kafin a tashi ya koma kamar ƙwayar dabino. Na ce a raina, Allah sarki, wuta suke zanawa, ko zaki. Har tausayi ya kama ni.

Ranar Alhamis na ci kwalliya. Na goge hijabin nan ruwan ɗorawa, wanda dama shi nake sawa kusan kullum don ya fi karɓata, na goge fuskar agogo da gefen zani. Na rungumo kwali na nufi ofis.

Malam Sabo ya ce, "Malama, kin dai duba abin da ke ciki?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. A gaban kowa zan buɗe, kar wani ya ce ni na zana na zuba."

Malama Talatu tana gefe tana jijjiga goyonta. Ta ce, "Ƙanwata, da kin ɗan leƙa. Ko guda ɗaya."

Na ce, "Yaya Talatu, ni fa na je bitar nan."

Ta juya ta kama gyara ɗaurin goyo da ba abin da ya same shi.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, maza ta dama, mata ta hagu, dattawa a kan benci. Liman ya buɗe da addu'a. Aka shiga maganar rufin aji biyar da ke yoyo, aka yi ta juya ta kamar tuwon biki. Ni kuwa ina zaune da kwali a cinya, ina duba agogo ina girgiza ƙafa. Yaran ajina, da aka ce su zauna a ciki su yi shiru, sun jeru a taga kai bisa kai. Hajjo ba ta cikinsu, ranar ma cikin ya hana ta zuwa. Goggo Adama tana gaba-gaba a cikin mata.

Da Malam Sabo ya ce, "Malamar aji uku tana da ɗan bayani," kafin ya rufe baki na isa gaban tebur.

Na yi sallama. Na ce, "Iyayena, ku yi haƙuri, ni ban iya kwana-kwana ba. 'Ya'yanku suna cikin damuwa, kuma ku ne ba ku sani ba. Yaro ba ya faɗa da baki. Amma yau za ku gani a takarda." Na yaga salatif da haƙori, na zura hannu, na zaro ta farko, na ɗaga sama.

Wata halitta ce. Baki ya cinye rabin fuskar, a wangame, haƙora jere reras kamar zangarniyar masara. Idanu kamar an kifa faranti biyu. Hannu ɗaya riƙe da sanda. Jikin kuwa tun daga kai har ƙasa ruwan ɗorawa ne, ya baje kamar rumbu.

Na ce, "Kun gani? Baki a buɗe. Wannan yaron tsawa ake yi masa a gida. Ga sanda nan kuma, ba sai na yi bayani ba." Na miƙa wa maza su zagaya da ita.

Na zaro ta biyu. Halittar nan ce dai, sai dai wannan har da wasu layuka suna fitowa daga bakin kamar ruwan sama. Ta uku, ita ce. Daɗi ya kama ni. Na ce, "Gida uku daban-daban, dodo ɗaya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce." Ta huɗu kare ne, kare sosai mai jela, na ajiye shi gefe da sauri don bai shiga cikin bayanina ba. Ta biyar, dodo.

Wani dattijo ya juya takardar sama ta koma ƙasa, ya nisanta ta da idonsa. Ya ce, "Malama, mu dai tun tasowarmu a garin nan ba mu san da wani abu mai wannan kalar ba."

Na ce, "Baba, ai ba a ganinsa da ido. A zuciyar yaro yake."

Ya ce, "Ikon Allah."

Na zaro ta shida, sai na ga jar maraƙa mai farin goshi a kusurwa. Ga dodon nan tsaye ya cika shafi, ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya a ƙarƙashinsa ta riƙe ciki. Na taka har gaban Goggo Adama na miƙa mata da hannu biyu, kamar mai ba da kyauta.

Ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan na Hajjo ne. Ga Wule nan, maraƙarta."

"Yauwa, Goggo. To dubi abin da ke tsaye a kanta. Ki tuna da kyau, wa ke nan a gidanku?"

Ta dubi takarda. Ta dube ni. Ta sake duban takarda. Ta sa yatsa a kan hannun dodon.

"Na duba, 'yar nan. Sai dai mu a rugarmu ba mai agogo."

Wuri ya yi tsit, har kana jin kukan tantabaru a kan rufin ofis. Na sunkuya. A wuyan hannun dodon akwai wani ƙaton zagaye, an yi masa 'yan layuka a ciki da kyau, har da dogon hannu da gajere. Na waiga wurin maza. Takardu huɗu suna hannun mutum huɗu, kuma duk su huɗun ba takardar suke kallo ba. Hannuna suke kallo, wanda rana ta haska agogonsa yana ta walƙiya. Daga nan idanu suka gangara kan hijabi. Sandar nan ma da na ce ba sai na yi bayani ba, an ja mata 'yan gajerun layuka a gefe. Rula ce.

Mai hankali a nan zai zauna. Ni kuwa na ce, "Zane kowa da yadda yake fassara shi. Bari mu ga rubutu, shi ba ya ƙarya." Na wawuri kwalin, na lalubo wadda aka yi wa rubutu, na ɗaga murya yadda na saba, bakina yana gudu ya bar ƙwaƙwalwata a baya:

"Ina tsoron idan Malama ta ce biyu. Saboda daga biyu sai uku."

Malama Talatu ce ta fara. Ta cusa gefen mayafi a baki, amma goyon da ke bayanta sai rawa yake yi. Malam Sabo ya kama wani tari da ba na Allah da Annabi ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Daga nan mata suka ɓarke, maza suka karɓa, yara a taga suka ɗauka.

Kuma a nan ne na yi abin da har gobe in na tuna sai na rufe fuska da matashi. Hayaniya ta yi yawa, jikina ya yi abin da ya saba. Ban san lokacin da na ɗauki rular hedimasta a kan tebur ba. Na ɗaga hannun agogo, na wangame baki, na buga tebur na ce:

"Shiru! Ɗaya!"

Iyayen yara. Da liman. Da dattawan da suka haifi ubana.

Aka kuwa yi shirun, na daƙiƙa guda. Ina tsaye baki buɗe, rula a sama, hijabi ya baje. Sai dattijon nan ya ɗaga takardarsa a hankali, ya daidaita ta da fuskata, ya rufe ido ɗaya kamar mai auna gini. Ya ce, "Wallahi yaron nan ya iya zane."

Wani mutum sai da ya gangaro daga kan benci. Wata mata tana cewa a taimaka mata da ruwa. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi, ga shi rana ta gasa ta ta yi tauri. Na ajiye rular kamar mai ajiye ƙwai. Kunnuwana suka yi zafi har ina jin za su ƙona hijabin.

Goggo Adama kaɗai ce ba ta yi dariya da ƙarfi ba, hannu ta sa ta rufe baki. Da wurin ya lafa ta yafito ni. Na je na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Malama, kin taɓa tatsar saniya?"

Na ce, "A'a, Goggo."

"In kika zo mata da sauri kina ƙwala kira, ɗauke nonon take yi. Yana nan a ciki, amma ko ɗigo ba za ki gani ba. Mu sai mun sako mata ɗanta ya fara tsotsa, mu shafa ta, mu kira sunanta, mu jira. Hajjo ta san abin da kike tambaya. A gida takan faɗa wa Wule duka, har da na Turanci."

Na ce, "Goggo, na yi muku ƙazafi. Ki yafe min. Ki roƙar min babanta ya ba ni sati biyu."

Ta ce, "Buba ɗana ne, zan san yadda zan yi da shi. Amma ba shi ne yake riƙe ciki da safe ba."

Da na koma gida na zazzage jakata, na samo takardar bitar a can ƙasa, ta sha man awara har ana hango yatsa ta cikinta. Na juya bayan. Layin farko cewa ya yi malami shi kaɗai zai buɗe akwatin, a keɓe, domin sirrin yara ne. Layi na biyu ya ce kada malami ya yi mamaki ko fushi idan ya tarar da kansa a ciki. Wato Hajiya mai tsince tsakuwa ta san da ni tun kafin ta gan ni. Innata ta leƙo ta ce, "An ce yau kin yi wa liman ƙirga." Labarin ya riga ni zuwa gida, ko acaɓa bai hau ba.

Na rufe ƙofa na duba sauran takardun ni kaɗai, yadda ya kamata tun farko. Akwai maciji, akwai allura, akwai duhu. Wani ya rubuta cewa ba ya karyawa kafin ya zo. Wata ta zana mace a kwance a kan tabarma, ta rubuta Umma a ƙasa. Waɗannan biyun sun kashe min dariyar da ma ban yi ba. Da hannuna ya faɗa kansu a gindin darbejiya, da na ɗaga su sama gari ya gani. Su muka bi a hankali daga baya, ni da Malam Sabo, ba tare da kowa ya ji ba. Sauran kuwa, kusan duka, ni ce. Wasu har sun fi ni kyau.

Ranar Juma'a na shiga aji ba agogo ba rula. Na ce, "Na yi muku laifi biyu. Na tsorata ku da ƙirga, kuma na nuna wa mutane takardunku. Ku yafe min." Suka zuba min ido kamar akuya ce ta yi sallama. Can wani ya ce, "Malama, ba ki da lafiya?" Wurin Hajjo babu kowa. Asabar da Lahadin nan ni ce na yi ciwon ciki.

Litinin, ana gab da shiga aji, na hango ƙwaryar Goggo tana tahowa ta cikin gonar dawa, Hajjo tana maƙale da zaninta. Suka tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar ta dubi wuyan hannuna kafin ta dubi fuskata. Na tsuguna har kanmu ya zo daidai. Na tuna an ce a fara sako maraƙi.

Na ce, a hankali, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba, "Hajjo, ba ni labarin Wule."

Shiru. Ta kalli ƙasa. Tana murza gefen jakarta. Jama'a, kalmar "ɗaya" ta taso min tun daga ciki ta zo har maƙogwaro. Na cije gefen hijabi. Na ce ba zan ƙirga ba, amma gaskiya ita ce na ƙirga a zuci, don mutum ba ya warkewa rana ɗaya. Na wuce uku, na wuce goma, na shiga wuraren da ban taɓa zuwa ba a rayuwata. Ina arba'in da ɗaya ta ɗago.

"Ta cinye takalmin Baffa."

"Duka?"

"Ƙafa ɗaya. Ya tafi kasuwa da ɗaya nasa, ɗaya na Inna."

Goggo ta ɗauki ƙwaryarta, ta kama hanya.

Ba zan ce cikin ya daina a ranar ba. Ya ɗan dinga leƙowa, musamman ranar lissafi. Na matsar da ita kusa da ƙawarta, na daina tsayar da yaro shi kaɗai a gaban aji, muka fara buɗe kowace safiya da labarin wani, wanda ya ga dama. Wata ya mutu, wani ya kama, Malam Buba bai sake tayar da maganar maruƙa ba. Yanzu matsalata da Hajjo ɗaya ce: in ta fara labarin Wule ba ta san birki ba, ni kuma na riga na yi alƙawarin ba zan katse yaro ba. Malama Talatu ta ce alhaki ne.

Kwalin yana nan a bayan aji, ni kaɗai nake buɗe shi duk Alhamis bayan an tashi. Kwanan baya na tarar da takarda mai jar maraƙa a kusurwa. Dodon nan ne dai, da hijabinsa ruwan ɗorawa. Babu agogo, babu rula. An rage bakin, amma ba sosai ba, yarinyar tana da gaskiya. A ƙasa ta rubuta: "Malama tana ƙoƙari."

Abin da na koya bai fi biyu ba. In an ba ki takarda, ki juya bayanta kafin ki ƙunshe awara. In kuma za ki fita neman dodo a gidajen mutane, ki fara tsayawa a gaban madubi ki ga wane hijabi kika sa. A garin dai har yau in na wuce majalisa, dattijon nan yakan ɗaga hannu ya ce, "Malama, an kai nawa?" Ni kuma in durƙusa in gaishe shi, in jira ya gama amsawa.